Kun Tambaya: Cacar Foka da Bakgamon a Intanet

Tambaya: Na sauke manhajar wani shafin foka (wasan karta na kuɗi) a kwamfutata ta ƙi buɗewa, a waya kuma Play Store ya ce babu ita a ƙasarmu. Wani mai gyara a Computer Village ya ce in sa VPN. In sa? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Malam, matsala biyu ce ka haɗa, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Ta kwamfuta mai sauƙi ce. Yawancin waɗannan manhajoji yanzu suna neman Windows 10 ko 11 mai 64-bit, alhali kwamfutocin tokumbo da yawa suna zuwa da Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020. Tsofaffin shafukan bakgamon (wasan allo na mutum biyu da ake jefa ɗan ludo) kuwa an gina su ne a kan Flash ko Java, manhajojin da a da ke kunna wasanni a cikin burauza. An rufe Flash a ƙarshen Disambar 2020, burauzoji kuma sun daina karɓar Java, don haka allon zai tsaya fari ko sau nawa ka sake lodawa. Duba agogon kwamfutar ma: idan batirin cikinta ya mutu kwanan wata ya koma baya, amintaccen shafi ba zai yarda ya haɗu da ita ba.

Ta wayar kuwa ba lalacewa ba ce. Google ba ya barin manhajar cacar kuɗi ta bayyana sai a ƙasar da kamfanin yake da lasisi. Wato doka ce ta tare ka, ba wayarka ba. VPN, wato manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa kake shiga intanet, zai iya buɗe maka ƙofa, masu shafin kuma za su karɓi kuɗinka hannu bibbiyu. Ranar cirewa ce za su nemi fasfo ko katin shaida, da takardar da ke nuna adireshinka. Da zarar sun ga Legas alhali ka shiga a matsayin mazaunin Ingila, sharuɗɗan da ka amince da su sun ba su damar rufe asusun. Kada kuma ka karɓi fayil ɗin APK (fayil ɗin sa manhaja a waya ba ta Play Store ba) da ake yawo da shi a WhatsApp ko Telegram. Duk manhajar wasa da ta nemi izinin karanta saƙonninka, lambar sirrin da banki ke turo maka take hari. Kada ka sa VPN ɗin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a nan Legas shagunan caca a buɗe suke, a gida Kano kuma Hisba na rufe su. Wace doka ce ke aiki? Daga wani ɗan kasuwa a Mile 12.

Amsa: Duka biyun, Alhaji, kowace a jiharta. A da gwamnatin tarayya ce ke ba da lasisi ƙarƙashin dokar caca ta ƙasa ta 2005. Legas ta kai ƙara tun 2008, kuma a ranar 22 ga Nuwamba, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan hurumin jihohi ne, dokar tarayyar ba ta wuce Abuja ba. A Legas hukumar kula da caca ta jihar, LSLGA, ce ke ba da lasisi, kuma ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya yi. Lasisin Legas bai halatta komai a Kano ko Zamfara ba, inda shari'ar Musulunci ta hana caca.

Abin da ya fi damuna shi ne manyan shafukan foka da bakgamon galibi a waje suke, da lasisin wurare irin su Malta ko Kurasawo. Idan suka riƙe maka kuɗi, hukumar Legas ba ta da iko a kansu, kai kuma ba za ka ɗauki lauya a Malta saboda naira dubu ɗari biyu ba. Ko a Amurka an ga haka: ranar 15 ga Afrilu, 2011 hukumomi suka ƙwace adireshin intanet na shafukan foka na PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, masu kuɗi a Full Tilt suka yi shekaru suna jira kafin a biya su.

Batun addini kuwa ba ya canzawa don mutum ya tsallaka kogin Neja. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a hani guda, kuma akwai hadisi a Sahih Muslim da ya yi kakkausan gargaɗi a kan nardashir, wasan da bakgamon ya samo asali daga danginsa. Ƙarin bayani yana wurin malamanka.

Tambaya: Ƙanena ya ce bakgamon da foka wasan basira ne, ba sa'a ba, wai wanda ya iya zai ci abinci da su. Gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, akwai basira a ciki, ba ƙarya ya yi ba. Amma ki zaunar da shi ku yi lissafi. Shafin yana yankar kamasho a kowane zagaye, sau da yawa kusan kashi 5 cikin ɗari. A ce mutum biyu masu ƙwarewa ɗaya, kowa ya zo da naira 10,000, suna zuba 1,000 kowannensu a wasa. Shafin na ɗaukar 100 a kowane wasa. Bayan wasa 100 ya kwashe 10,000, rabin duk abin da suka zo da shi, ba tare da ya taɓa jefa ɗan ludo ba.

Bakgamon yana da wani tarko da sabon shiga ba ya gani. Ban da 'ya'ya 15 na kowane ɗan wasa da gidaje 24, akwai ɗan ninki, wanda ake ninka kuɗin wasan da shi, mai lambobi 2, 4, 8, 16, 32, 64. Wasan da aka fara a kan naira 500, idan ninki ya kai 8 aka kuma cinye mutum bai fitar da ɗa ko ɗaya ba, an sake ninkawa: 8,000 ke nan a zama guda.

Sannan wa ke ɗaya ɓangaren? Tun 1992 manhajar TD-Gammon ta kamfanin IBM ta kusa kamo gwanayen duniya, yau kuma irinta, GNU Backgammon, kyauta ake sauke ta. Abokin karawarsa na iya buɗe ta a wata na'ura yana kwafar kowane motsi. A foka ma manhajar Pluribus ta doke ƙwararru a teburin mutum shida a 2019. Ga kuma matsalarmu ta gida: idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke ana tsakiyar zagaye, daƙiƙoƙi kaɗan ake ba shi, daga nan a fitar da shi daga zagayen, abin da ya zuba ya tafi.

Idan wasan yake so, ya sauke GNU Backgammon ya yi da kwamfuta, za ta ma nuna masa kurakuransa, ba ko kwabo. Idan kuma kin ga ya fara cin bashi, ko yana ɓoye waya, ko yana cewa sai ya dawo da abin da ya rasa, a sa manya cikin maganar tun yanzu. A sa shi ya nemi shafin ya rufe masa asusu, domin masu lasisi suna da wannan tsari, sannan wani amintacce a gida ya riƙe masa katin banki na ɗan lokaci.