Shin da gaske kwamfutoci za su rikice a 2038?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Kano. Na ji ana cewa a 2038 agogon kwamfuta zai ƙare, kamar fargabar da aka yi a 2000. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe, ɗan'uwa.

Linux, tsarin sarrafa kwamfuta wanda Android ke zaune a kansa, ya gaji ƙidayar lokaci daga wani tsohon tsari mai suna Unix: daƙiƙoƙi yake ƙirgawa tun daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 agogon GMT. A na'ura mai bit 32 (bit shi ne ma'aunin girman gurbin ajiye lamba), gurbin wannan lamba ba ya ɗaukar fiye da 2,147,483,647. Zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan nan sai lissafin ya juye, na'urar ta ɗauka ana ranar 13 ga Disamba 1901.

Maganin a baki ba wuya: a faɗaɗa gurbin zuwa bit 64, wanda zai kai shekaru kusan biliyan 292. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yanzu a kan haka suke.

Wahalar tana cikin kanel, wato zuciyar tsarin, wadda duk manhaja ke tambaya ƙarfe nawa. Masu Linux suna da ƙa'ida mai tsauri: ba a yin gyaran da zai karya manhajar da ke aiki. Don haka ba su taɓa tsofaffin hanyoyin tambayar lokaci ba, sai suka buɗe sababbi a gefensu. Injiniya Arnd Bergmann da abokan aikinsa sun yi shekaru suna bin lungu-lungu, har direbobin sauti da na kyamara, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa su, da kwanan watan da ke jikin fayil. Sababbin hanyoyin sun shiga a 2019, sannan Linux 5.6 na 2020 ya zama na farko da zai iya haye 2038 a kan bit 32. Ni dai ina jinjina musu, domin aiki ne mai cin rai wanda ba a yi wa mutum tafi a kansa. Amma gyaran kanel kaɗai bai isa ba, sai an sake harhaɗa kowace manhajar bit 32, wato a sake gina ta don ta bi sababbin hanyoyin. Debian ma, ɗaya daga cikin manyan nau'o'in Linux, sai a 2025 ta fitar da sigar da ta yi wannan ƙaura.

Abin da ke damuna shi ne na'urorin da ba mai sabunta su: rauta mai raba intanet, akwatin naɗar kyamarar tsaro, kayan asibiti, injinan masana'anta. Da yawa na hannu muke saye, bayan kamfanin ya daina kula da su. Kuma matsalar tana riga ranarta zuwa: manhajar da ke lissafin bashin shekara 15 ta riga ta tsallaka 2038. In za ka gwada, ɗauki na'urar da ba a aiki da ita, ka cire ta daga intanet, ka kai agogonta Fabrairun 2038, ka ga ko za ta tashi lafiya.