Ke da tambayarki ta Bahaushe da Musulmi

Amaryata, saƙonki ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma na yi tagumi. Wai malaminku na nazarin zamantakewa ya ce ku raba takardar tambayoyi gida uku, launin fata da ƙabila da addini, ke kuma kina son sanin ko a al'adarmu Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne. Ashe har kin kai jami'a ba ki san Maguzawa ba?

Lokacin ƙidayar 1963 ina saurayi, aka haɗa ni da wani malamin ƙidaya ina yi masa tafinta. Ta 1962 an soke ta saboda rigima, don haka kowa a ɗar-ɗar yake. Muka shiga wani ƙauye a ƙasar Kano, muka tarar da wani dattijo yana ɗaure ƙotar fartanya. Ƙabila? Ya ce Bahaushe. Kafin in buɗe baki kan addini, malam har ya rubuta Musulmi. Tsohon ya ga alƙalami ya motsa ba a tambaye shi ba, ya ce me aka rubuta? Da na gaya masa, ya ajiye fartanyar ya ce shi bai taɓa salla ba, ubansa ma haka, a goge. Aka goge. A gida na gaba kuwa, wani jikan Banufe aka tambaya ƙabilarsa, ya ce "Musulmi", ya ƙi ƙara ko uffan. Malam sai share gumi yake.

Babana, Allah ya jiƙansa, yakan ce tsaga a kumatu take, imani a zuci, kada ka ga ɗaya ka ce ka san ɗayan.

Turawan bincike ma sun ci karo da wannan. Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939. Abner Cohen kuma ya ga yadda Hausawan Sabo ta Ibadan suka rungumi Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, don kada su narke cikin Yarabawa, alhali Yarabawan da yawa Musulmi ne. A ƙidayar 1991 da ta 2006 ma ba a tambayi ƙabila ko addini ba, gudun fitina.

Ku 'yan yanzu ta waya kuke aika tambaya, mutum ya latsa akwati, ba ku ga fuskarsa ba, balle ya ce a goge. Batun launin fata kuwa damuwar Amurkawa ce, ki bar wa malaminki. In kin zo hutu ki taho da takardar, in ga gidan da za ki saka kakarki, wadda uwarta Bafulatana ce amma ko gaisuwa ba ta iya da Fulatanci ba.