Amsar Anti kan maganin basir ɗin da ya ƙara wa 'yar uwarmu ciwo

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ku yi haƙuri da ƙarar injin markaɗe, a tsakar gida nake. Yanzu na saurari muryar ƙanwarmu da ta ce kwana biyar ke nan tana shan maganin basir na gora, kofi safe kofi yamma, sai ga gudawa da murɗar ciki da jiri, ga ciwon kai. Ta kira mai maganin ya ce mata dattin ne ke fita, ta daure, kuma mai maganin ne ya sa ta ajiye ƙwayar hawan jininta don wai ba a haɗawa. Na ga wasu sun ce ta ci gaba, haka magani mai ƙarfi yake yi. To, ƙanwata, ni dai na ce ki dakata. Kofin yamman nan ma kada ki sha.

Kun san ni ba na zagin maganin gargajiya. Da sabara aka yi min wankan jego, har gobe ina cin kwaɗon zogale. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu, irin su Coartem, daga ganyen tazargade aka samo asalinsa, matar nan 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, har lambar Nobel ta samu a kansa a 2015. Amma shi an auna, an san nawa babba zai sha, nawa yaro. Gorar da ke hannunki wa ya auna ta? Ke kanki ba ki san abin da ke ciki ba.

Maganar nan ta "ciwon ne ke fita", shekarun da na yi ina aikin jinya na ji ta har na gaji. Wasu haɗin basir akwai ganye mai sa zawo a ciki, irin su filasko. Ki ba mai lafiya ƙalau filasko, shi ma zai kwana yana zarya bayi. To shi wane datti ne ya fita? Ruwan jikinki ne ke tafiya da gishirinsa, shi ya sa in kin miƙe kike ganin duhu. Kuma basir ɗin ma yawan zama a masai da yunƙuri ƙara kumbura shi yake yi. Sannan in sun zuba kanwa, ita kanwa danginsu ɗaya da gishiri, mai hawan jini ba ta yi masa daɗi. Ga shi kin bar ƙwayarki kwana biyar. Wannan ciwon kan shi ya fi tsaya min a rai.

Akwai wata baiwar Allah da aka taɓa kawo mana, ba zan manta ba. Sati biyu tana shan wani jiƙo, ana ce mata ta daure. Da na ɗaga zaninta na danna ƙaurinta da yatsa, sai wurin ya lotsa kamar ƙullin alkaki, ya ƙi dawowa. Na ce yaushe rabonki da fitsari? Ta ce tun jiya da azahar, shi ma ɗan kaɗan. Ƙoda ce ta tsaya. Sai da aka yi mata wankin ƙoda, gona mijin ya sayar. Allah ya tashi kafaɗunta, amma da ranar da ta fara jin jikinta ya canza ta ajiye, da ba a kai nan ba.

Yanzu ga abin da za ki yi. Aika yaro kemis ya sayo miki ORS, garin gishiri da sukarin nan na masu gudawa, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsafta, ruwan leda biyu ke nan, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ki sha kunu ko koko, kada ki zauna da yunwa. Kada ki sha diclofenac ko ibuprofen don ciwon kan, da jiki ba ruwa ƙodar za su ƙara wahalarwa. A auna miki jini yau ɗin nan, ba gobe ba. In ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, ko kina ganin dishi-dishi, ko hannu ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ba zancen jira, a saka ki a adaidaita. In bai kai haka ba ma ki je asibiti da safe, likita ya faɗa miki yadda za ki koma kan ƙwayarki, don wasu ƙwayoyin masu sa fitsari ne, da gudawa a jiki sai an duba. Ki roƙa a yi miki gwajin ƙoda da na hanta.

Ki kuma riƙa lura da kanki. Ki ja fatar idonki a madubi da hasken rana, in farin ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar shayi ko ya ragu, ko fuska ta kumbura, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko da tsakar dare ne a tafi.

Yauwa, kuma ki tafi da gorar. Kada ki ɓoye don tsoron faɗan nas. Na sani muna da faɗa, ni ma na yi, amma faɗan minti biyu ne, kuma in ba ki faɗa ba sai a yi ta lalube. An sha kama masu zuba ƙwayoyin bature irin su dexamethasone a cikin jiƙo su ce zallar itace ne. Wata a nan ta ce ai da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin gorar. Ki karanta takardar da kyau, za ki ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ban da ma masu buga lambar bogi.

Mai maganin kuwa kada ki tsaya jayayya da shi. In ya kira ki ce kin dakata tukuna, shi ke nan. In ma dangin maigida ne suka kawo, ki ce Anti ce ta hana, ni na ɗauki laifin.

Basir ɗin za mu yi maganarsa in kin miƙe, a fara dubawa a tabbatar ma shi ne, don ba duk jini a bayan gida ne basir ba. Bari in je, ana kiran la'asar. Ki turo min lambar awon da zarar an yi, wayar na hannuna. Allah ya ba ki lafiya.