Alƙali ya sa ƙanena tsince shara, shin yana da asali a shari'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam, daga nan Katsina nake wajen Ƙofar Marusa. Ƙanena ne ya yi faɗa a gidan kallon ƙwallo har ya fasa ma wani waya, aka kai su kotu, alƙali ya ce ya biya kuɗin wayar, kuma maimakon gidan yari ya riƙa zuwa wurin shaƙatawa kullum da safe yana tsince leda da robobi har sati uku. To Malam mutane na tsayawa suna ɗaukar shi a waya, Baba ya ce tozarci ne, gara a biya wani yaro ya yi mashi aikin. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Hukuncin nan yana da asali, sunanshi ta'aziri, wato horon da shari'a ba ta yanke mashi adadi ba, ta bar ma alƙali ya duba laifin da mai laifin ya zaɓi abin da zai gyara shi. Ba haddi ba ne kamar na sata ko zina da ba a musanya shi, ba kuma kisasi ba ne. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya bayyana cewa ta'aziri yana canzawa da canjin gari da zamani, har ya ba da misali da barin kai a buɗe ba hula ba rawani, a Andalus (yankin Sifen na yanzu) ba wulaƙanci ba ne amma a Masar da Iraƙi wulaƙanci ne. Kuma bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin da ba su da kuɗin fansa an sa su koya ma yaran Madina rubutu aka sake su, kin ga aiki mai amfanar jama'a ya tsaya a madadin tsarewa tun zamanin Annabi (SAW). Ko a dokar ƙasa, dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba da damar irin wannan hukunci, amma ban da laifin makami ko fyaɗe ko wanda hukuncinshi ya wuce ɗaurin shekara 3.

Ni wallahi da za ki tambaye ni, sai in ce alƙalin nan ya tausaya maku. Yaro matashi a kulle shi ɗaki ɗaya da manyan ɓarayi, ya shiga da laifin fasa waya ya fito ya san dillalan ƙwaya, karatu ya tsaya ko sana'a ta mutu, Mama kuma kullum tana hanya da kular abinci, wannan shi ne abin da ya kamata Baba ya ji tsoro.

Maganar tozarci kuma, a gaya ma Baba cikin ladabi cewa ɗauke abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani kamar yadda ya tabbata a hadisin Muslim, kuma akwai matar da take sharar masallaci, da ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba, da ya ji sai ya ce a nuna mashi kabarinta ya je ya yi mata salla. In ƙanenki ya tuba ya gyara niyya, muna fatan duk ledar fiya wata da ya ɗauke ya samu lada a kanta.

Biyan wani ya yi mashi aikin bai halatta ba. Ha'inci ne ga kotu, in kuma sai an ba jami'in da ke sa ido wani abu kafin ya kau da kai to cin hanci ya shigo, mai bayarwa da mai karɓa duk tsinannu ne a hadisi. Horon ma don shi aka yanke, ɗan wani me ya yi?

Abin da ya fi ɓata mani rai masu ɗaukar shi a waya suna watsawa a Facebook da TikTok. Alƙali ya yanke shara, bai yanke tallata shi ba, duk wanda ya ƙara mashi wannan ya zalunce shi. An taɓa yi ma wani mashayin giya bulala, wani ya ce Allah ya kunyata ka, Annabi (SAW) ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kanshi. Ku kai ƙorafi wurin jami'in, in bai yi komai ba ku koma kotu ku roƙi a canza mashi wuri ko lokaci, wannan halal ne.

Ku tabbatar an biya mai wayar kuɗinshi cif, shara ba ta sauke haƙƙin mutum. Kada aikin ya hana shi salla a kan lokaci, kuma ku saya mashi safar hannu da takalmi rufaffe saboda fasassun kwalabe da allurai da ake zubarwa cikin bola. Wallahu a'alam.