Amsa: Za a yi wa Baba tiyatar kansar furostet

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce likita ya ba da shawarar tiyata, kana tambaya ko tana warkarwa, da abin da ke biyo baya.

Ka fara tambayar likitan ko cutar ta tsaya a cikin furostet ɗin, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsara. In ta tsaya nan, ana cire shi gaba ɗaya, kuma da yawa sun rabu da cutar ta haka. In kuwa ta kai ƙashi, cire shi ba ya warkarwa. Sai a koma ga rage sinadarin maza da ke ciyar da ita, ko da allura ko da cire 'ya'yan maraina. Mutane kan rikita ayyukan nan biyu, cire furostet da cire 'ya'yan maraina, don haka ka tantance wanne ake nufi.

Bayan aikin cire furostet zai zauna da robar fitsari kamar mako 1 zuwa 2. Yoyon fitsari kan dame shi da farko, amma yawanci yana raguwa cikin watanni. Abin da dattawanmu ke jin nauyin tambaya shi ne ƙarfin namiji: yana iya raguwa sosai, kuma maniyyi ba zai ƙara fita ba, haihuwa ta tsaya kenan. A ganina ka bar shi da likita su kaɗai su yi wannan maganar.

Gashi da na'ura, wato kashe cutar da haske mai ƙarfi, shi ma hanya ce, ku tambaya. Bayan kimanin mako 6 da cire furostet za a auna PSA, wato sinadarin da furostet ke fitarwa cikin jini, ana so ya sauka kusan sifili.