An cire wa 'yan adashi kuɗi sau biyu, alhali rajista ta ce aikin ya gaza

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ke kula da manhajar adashin wasu 'yan kasuwar Sabon Gari, Zariya. Na saita aiki a sabis ɗin tsara lokaci, ya riƙa cire zubi ran 1 ga wata. Wannan watan an cire wa wasu sau biyu, kuma rajista, wato tarihin ayyukan da sabis ɗin ke rubutawa, ta nuna karon farko ya gaza. Wani ya ce in ƙara yawan maimaita aikin idan ya gaza. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi wannan shawarar, fetur za ka zuba wa wuta. Kullum muna fama da masu irin wannan karambanin.

Idan rajista ta ce "ya gaza", abin da take nufi shi ne mai tsara lokacin bai ji amsa ba. Bai san ko an yi aikin ba. Cloud Scheduler na Google, in ba ka sauya ba, minti 3 yake jiran sabarka, wato kwamfutar da manhajarka ke aiki a kai. Tana can tana cire kuɗin mutum na tamanin, shi kuwa ya gaji da jira, ya rubuta gazawa, ya sake kira. Sabarka ba ta san ta yi ba, sai ta koma kan na farko. EventBridge Scheduler na Amazon kuwa yana iya maimaitawa har sau 185 cikin awa 24. Ko ka kashe maimaitawar ba ka tsira ba, domin alkawarinsu "aƙalla sau ɗaya" ne, ba "sau ɗaya tak" ba.

Maganin yana gidanka. Ba kowane zubi lambar da ba ta canzawa: lambar mamba haɗe da wata, kamar 0417-2025-03. Sa rumbun bayananka ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu, ka rubuta ta kafin ka taɓa kuɗin kowa, kuma ita za ka aika wa kamfanin biyan kuɗi a matsayin shaidar cinikin. Sannan sabarka ta mayar wa mai tsara lokacin da 200 nan take, wato lambar da ke nufin "an karɓa", ta zuba aikin a layi.

Ka lura da agogo. Sha biyun dare na shigowar 1 ga wata a Africa/Lagos (agogon Najeriya), ƙarfe 11 ne na daren jiya a UTC (agogon bai-ɗaya na duniya), wato watan da ya wuce. Daga lokacin da aka tsara za ka ciro watan, kada ka dogara da agogon sabar.

Waɗanda aka cire wa sau biyu, ka mayar musu yau, haƙƙinsu ne. Ka kira uwar adashi da kanka tun ba ta kira ka ba.