Tambaya da Amsa: Sutura da hula a ɗakin cin abinci na jirgin ruwa

Tambaya: Ni da maiɗakina za mu yi tafiyar mako guda a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Shin dole ne in cire hula lokacin cin abincin dare, kuma wace irin sutura ake bukata?

Amsa: Malam, kowane kamfani da nasa ƙa'idojin, amma galibi tsaurin yana kan babban ɗakin cin abinci da dare. A can ba a yarda da kayan ninkaya ko shiga babu takalmi ba, kuma yawanci ana hana hular hana-salla, domin a al'adar Turawa namiji yakan cire hula idan ya zauna cin abinci a cikin ɗaki. Abin da ake rufe kai da shi saboda addini, kamar hijabi ko rawani, hukuncinsa daban ne, ba a saba neman a cire shi ba, ko da yake yana da kyau ka sanar da shugaban masu hidima tun daren farko.

A tafiyar kwana 7 akan keɓe dare biyu na kwalliya, inda maza ke sa kwat, mata kuma dogayen riguna. Kamfanin Cunard, mai jirgin Queen Mary 2, ya fi yawancinsu tsauri, domin ƙa'idarsa tana fara aiki daga ƙarfe 6 na yamma. A ganina hakan ba takura ba ce, tunda wanda bai son kwalliya yana iya zuwa sashen da kowa ke zuba wa kansa abinci, inda ake shiga da kayan yau da kullum.